Cutar FTD ta gado: yadda take cin ƙwaƙwalwa, da abin da ya kamata iyalai a Kudancin Kaduna su sani

Hausawa kan ce hali zanen dutse ne, wato abin da mutum ya tashi da shi ba ya kankaruwa. Sai dai akwai wata cutar ƙwaƙwalwa da ke kankare wannan zane tun mutum yana da sauran ƙarfinsa. Malamin makaranta da aka sani da kamun kai sai ya fara sakin maganar batsa a bainar jama'a. 'Yar kasuwar da ta daɗe tana juya kuɗin citta ba tare da kuskure ba sai ta shiga rabar da jarinta babu dalili. Uba mai tausayi sai a yi rasuwa a gidansa, amma ko a jikinsa.

Likitoci na kiran wannan cuta FTD, taƙaitaccen sunan da ke nufin lalacewar sashen gaba da sashen gefe na ƙwaƙwalwa. Tana cikin dangin cututtukan da aka fi sani da gigin tsufa ko cutar mantuwa, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 na fama da su, kuma sama da kashi 60 cikin 100 na masu fama da su suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. Amma FTD ta sha bamban da cutar Alzheimer, wadda ita ce ta fi yawa a wannan dangi, ta fuska uku. Ta farko, galibi tana bayyana ne tsakanin shekara 45 zuwa 65. Ta biyu, ba da mantuwa take farawa ba, da sauyin hali ko rikicewar magana take farawa. Ta uku, gado yana da babban tasiri a cikinta: kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na masu cutar suna da wani ɗan'uwa da ya yi irinta ko makamanciyarta, kuma a cikin kusan kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ana iya nuna ƙwayar gado guda ɗaya da ta haddasa ta.

A yanki irin Kafanchan da sauran garuruwan Kudancin Kaduna, inda zuri'a ke zaune kusa da juna kuma kowa ya san tarihin gidan kowa, cutar da ke bin jini tana saurin samun wata fassara: sammu, maita, aljanu, ko bakin iyaye. Abin da binciken shekara fiye da 130 ya tabbatar shi ne cewa lahanin yana cikin naman ƙwaƙwalwa, ana ganin sa da ido da kuma madubin likita, kuma kowace ƙwayar gado tana barin nata sawun dabam.

Inda cutar take kamawa

Ƙwaƙwalwar baligi tana da nauyin kusan kilo 1.3 zuwa 1.4, kuma ayyukanta a rarrabe suke. Sashen gaba, wanda ke bayan goshi, shi ne mazaunin kunya, kamun kai, tsara al'amura, auna abin da zai biyo bayan aiki, da himmar tashi a yi abu. Sashen gefe, wanda ke saitin kunnuwa, yana ajiye ma'anar kalmomi, sanin fuskoki da fahimtar halin da wani yake ciki. Tsakaninsu, can ciki, akwai wani lungu da ake kira insula, wanda ke haɗa abin da jiki ke ji da abin da zuciya ke ji.

Waɗannan wurare ne FTD ke fara ci. Sashen baya, wanda ke kula da gani da sanin hanya, yakan daɗe lafiya. Shi ya sa mai cutar zai iya fita daga Kafanchan ya je Kagoro ko Zonkwa ya dawo bai ɓata ba, ya kuma tuna bashin da yake bin mutane, alhali ya daina sanin abin da ya dace ya faɗa a gaban surukansa. Wannan ne ke sa iyali su ƙi yarda cewa ciwo ne, domin a ganinsu wanda bai manta komai ba yana sane da abin da yake yi.

Alamomin da ake dubawa

Nau'in da ya fi yawa shi ne mai sauya hali. A 2011 wani rukunin ƙwararru na ƙasa da ƙasa ya fitar da alamomi shida, inda samun uku daga cikinsu tare da ci gaba da taɓarɓarewa ke sa a yi zargin cutar. Su ne: zubar da kunya da aikata abin da bai dace ba; mutuwar zuciya da rashin himma; gushewar tausayi; maimaita abu ɗaya babu gajiya, kamar tara tarkace ko zagaya wuri ɗaya; sauyin ci, musamman kwaɗayin zaƙi da cin abinci fiye da kima; da kuma gazawar tsara aiki alhali tunawa tana nan da sauranta.

Sai nau'o'i biyu da ke taɓa harshe. A ɗaya, mutum ya san abin da yake son faɗa amma kalmomin na fita da ƙyar, a kakkarye. A ɗayan, magana na zuba babu tangarɗa amma ma'anar kalmomi na zubewa, har a ce masa ya kawo tsintsiya ya tambaya mece ce tsintsiya. Wannan na ƙarshe ba kasafai yake zama na gado ba. A 2023 iyalan ɗan wasan finafinan Amurka Bruce Willis suka sanar cewa FTD ce ke damunsa, bayan da aka fara ganin matsalar a maganarsa, abin da ya sa mutane da yawa suka fara jin sunan cutar.

Wasu marasa lafiyar kan haɗa da sandarewar jiki da jinkirin motsi irin na cutar Parkinson. Kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kuma kan kamu da cutar mutuwar jijiyoyin motsi da ake kira ALS, wadda ke tsotse naman jiki har ta hana haɗiya da numfashi.

Abin da ake gani a cikin ƙwaƙwalwa

Likita Arnold Pick na birnin Prague ne ya fara bayyana irin wannan ciwo a 1892, a jikin wani dattijo ɗan shekara 71 da maganarsa ta rikice, wanda bayan rasuwarsa aka tarar gefen hagu na ƙwaƙwalwarsa ya tsotse. A 1911 Alois Alzheimer ya duba irin wannan nama a madubin likita, ya ga wasu dunƙule-dunƙule masu kama da ƙwallo a cikin ƙwayoyin jijiya. Daga baya aka sa musu sunan Pick.

Idan aka fito da ƙwaƙwalwar wanda cutar ta daɗe a jikinsa, abin da ido ke fara gani shi ne ramar sashen gaba da na gefe. Tudun-tudun da ke saman ƙwaƙwalwa, waɗanda a lafiyayye suke cike, sukan sirance har wani lokaci su yi kama da bakin wuƙa, kwaruruwan da ke tsakaninsu su buɗe, ramukan ruwa na ciki su faɗaɗa. A mafi tsanani nauyin ƙwaƙwalwar kan sauka ƙasa da kilo ɗaya.

A madubin likita kuwa ana ganin abu uku: ƙwayoyin jijiya sun ragu, saman ɓawon ƙwaƙwalwa ya yi ƙananan ramuka kamar soso, sannan ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyi sun yawaita sun cike gurbin waɗanda suka mutu, tamkar tabo a kan fata. A 2006 William Seeley da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka nuna cewa akwai wasu manyan ƙwayoyin jijiya masu siffar mazari da ke mutuwa tun da wuri. Ana kiran su da sunan von Economo, masanin da ya bayyana su a shekarun 1920. Ana samun su a mutum, manyan birai, giwa da kifin whale, kuma suna zaune ne a wuraren da ke kula da zamantakewa.

Babban abin da ke bambanta wata FTD da wata shi ne irin furotin ɗin da ya dunƙule a cikin ƙwayoyin. Furotin shi ne kayan gini da kayan aikin kowace ƙwayar jiki. A kusan rabin masu cutar, furotin mai suna TDP-43 ne ke dunƙulewa. A kimanin kashi 40 zuwa 45 cikin 100, furotin mai suna tau ne. Ragowar kaɗan kuma mafi yawansu na dangin furotin FUS ne, wanda aka gano alaƙarsa da cutar a 2009. A cutar da ba ta gado ba, da wuya a san wanne ne sai bayan rasuwa. A ta gado kuwa, sanin ƙwayar gadon da ta samu tangarɗa ya isa ya nuna furotin ɗin da ke taruwa tun mutum yana raye. Wannan ne ya sa iyalan da ke ɗauke da cutar suka zama ginshiƙin binciken duniya a kanta.

Ƙwayoyin gado guda uku

Ƙwayar gado umarni ce da aka rubuta a cikin jigidar halitta, wadda ke gaya wa jiki yadda zai ƙera wani furotin. Ƙwayoyin gado suna jere ne a kan kuromosom, waɗanda mutum ke da tagwaye 23 daga cikinsu, rabi daga uwa rabi daga uba. Guda uku ne ke haddasa mafi yawan FTD ta gado.

Ta farko ita ce MAPT, a kan kuromosom na 17, wadda aka gano a 1998. Ita ce ke ƙera furotin tau. A cikin kowace jijiya akwai siraran bututu da ake jigilar abinci da saƙonni a kansu, kuma aikin tau shi ne ya riƙe su daram. Mutanen Kafanchan, garin da ya girma a kan mahaɗar layin dogo, sun san abin da ke faruwa idan gungumen da ke riƙe da ƙarafan layi suka kwance: ƙarafan su gauce, jirgi ya tsaya. Haka yake a nan. Tau mai tangarɗa yakan saki bututun, ya murɗe ya zama zare-zare, ya taru a cikin ƙwayoyin jijiya da ƙwayoyin tallafi. An san tangarɗa iri-iri fiye da 50 a wannan ƙwayar gado. Lahaninta ya fi faɗa wa gaban sashen gefe, dama da hagu kusan daidai, kuma sau da yawa yana zuwa da zubar da kunya, ɓacewar sunayen abubuwa da sandarewar jiki.

Ta biyu ita ce GRN, ita ma a kan kuromosom na 17, kusa da ta farko. Rukunoni biyu na masana, ɗaya a Amurka ɗaya a Beljiyam, suka bayyana ta a 2006. Tana ƙera furotin mai suna furogiranulin, wanda ke taimaka wa sashen share shara na cikin ƙwaya da kuma daidaita kumburi a ƙwaƙwalwa. Idan kofi ɗaya daga cikin biyun da mutum ya gada ya lalace, furotin ɗin da jiki ke samarwa yakan ragu ƙwarai, har ana iya gane hakan a gwajin jini. Abin lura shi ne ba furogiranulin ɗin ne ke dunƙulewa ba. TDP-43 ne. Shi wannan furotin mazauninsa cibiyar ƙwaya, inda yake kula da kwafar umarnin gado. A cikin cutar sai ya fice daga cibiyar ya taru a wajenta, ƙwayar ta yi asara biyu: ta rasa aikinsa a ciki, ta kuma cutu da tarinsa a waje. Rukunin Virginia Lee da John Trojanowski na Jami'ar Pennsylvania, da wani rukuni a Japan, su ne suka gano wannan a 2006. Alamar GRN a hoton ƙwaƙwalwa ita ce rashin daidaito: ɓari ɗaya ya rame sosai fiye da ɗayan, ramar ta kuma miƙa zuwa baya. Idan ɓarin hagu ne, magana ce ke fara tafiya.

Ta uku ita ce C9orf72, a kan kuromosom na 9, wadda rukunin Rosa Rademakers da na Bryan Traynor suka gano a 2011. A cikinta akwai wasu haruffa shida na jigidar halitta, GGGGCC, da ke maimaituwa. A yawancin mutane maimaicin bai kai sau 30 ba. A masu cutar yakan kai ɗaruruwa ko dubbai. Masana na ganin lahanin na zuwa ta hanya uku: furotin ɗin da ƙwayar ke ƙerawa ya ragu, kofen umarnin mai tsawon gaske ya cukuikuye a cibiyar ƙwaya ya kama wasu furotin, sannan ƙwayar ta karanta maimaicin ta ƙera wasu baƙin furotin iri biyar da ba su da amfani, waɗanda ke taruwa har a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya. Bayan haka TDP-43 ma yana dunƙulewa, kuma inda ya taru nan ne jijiyoyi suka fi mutuwa. Wannan ƙwayar gado ce ta fi haɗa FTD da ALS, ta yadda a gida ɗaya wa zai rasa hankali, ƙane kuma ya rasa ƙarfin gaɓoɓi. Ita ce kuma ta fi zuwa da ruɗu, zargin mutane da jin muryoyi, har a ɗauka taɓin hankali ne na yau da kullum. An fi samun ta a mutanen arewacin Turai, musamman Finland, tana kuma da ƙaranci a gabashin Asiya.

Akwai wasu da ba su kai waɗannan yawa ba, kamar VCP, wadda ke haɗawa da ciwon tsoka da na ƙashi, da TBK1, da kuma CHMP2B, wadda aka gano a wata babbar zuri'a a ƙasar Denmark.

Yadda ake gadon ta

Mafi sauƙin fahimtar wannan gado shi ne a kwatanta shi da na sikila, wanda jama'a suka sani saboda gwajin jini kafin aure. A sikila sai yaro ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka sannan ya yi ciwon. A FTD ta gado kuwa kofi ɗaya daga mahaifi ɗaya ya isa. Kowane ɗa ko 'ya da mai ɗauke da ƙwayar ya haifa yana da damar kashi 50 cikin 100 na gadon ta, kuma kowace haihuwa lissafinta dabam. Ana iya samun 'ya'ya shida babu wanda ya gada, ana iya samun huɗu daga cikinsu sun gada. Maza da mata daidai suke. Wanda bai gada ba ba zai ba 'ya'yansa ba. Saboda haka neman abokin aure daga wata zuri'a ko wata ƙabila ba ya sauya wannan lissafi, kuma ba auren zumunci ne ke kawo ta ba.

Wani babban nazari da aka buga a mujallar Lancet Neurology a 2020 ya tattara bayanan mutum 3,403 daga iyalai 1,492. Ya nuna cewa matsakaicin shekarun fara ciwo su ne 49.5 ga masu MAPT, 58.2 ga masu C9orf72, da 61.3 ga masu GRN. Daga farawa zuwa rasuwa kuwa, matsakaicin shekaru shi ne 9.3 ga MAPT, 7.1 ga GRN, da 6.4 ga C9orf72. A MAPT shekarun da ciwon ya kama mahaifi suna ba da haske sosai kan lokacin da zai kama ɗa. A sauran biyun tazarar na iya zama mai faɗi ko a gida ɗaya, kuma akwai masu ɗauke da ƙwayar da ke tsufa su rasu ba ta bayyana ba. Wannan, tare da mutuwar wuri ta wasu dalilai, shi ke sa a ga kamar cutar ta tsallake wani zamani.

Lahanin kuma yana farawa tun kafin a ga alama. Shirin bincike na GENFI, wanda ya fara bin iyalai masu wannan gado a Turai da Kanada a 2012, ya ba da rahoto a 2015 cewa ana iya hango ramar wasu sassan ƙwaƙwalwa a hoton MRI kusan shekara 10 kafin lokacin da ake sa ran ciwon zai bayyana.

Abin da bincike ya nuna a Nijeriya

Kusan duk waɗannan alƙaluma daga iyalan Turai da Arewacin Amurka aka samo su, kuma tarihin bincike a Nijeriya ya nuna haɗarin ɗaukar sakamakon wata al'umma a ɗora wa wata. Shirin haɗin gwiwa na Ibadan da Indianapolis, wanda ya fara a 1992, ya kwatanta tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatar Amurka. Rahotonsa na 1995 ya sami gigin tsufa a kashi 2.29 cikin 100 a Ibadan, da kashi 8.24 cikin 100 a Indianapolis. Ya kuma nuna cewa ƙwayar gadon da ke ƙara haɗarin cutar Alzheimer a Turawa ba ta da irin wannan ƙarfi a Yarabawa.

A Jihar Kaduna, wani nazari da likitoci suka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya duba tsofaffi 322 ya sami gigin tsufa a kashi 2.79 cikin 100, inda kashi biyu cikin uku na masu ciwon ke da cutar Alzheimer. Irin wannan ƙidaya tana duba tsofaffi ne, alhali FTD ta fi kama masu matsakaicin shekaru, don haka ba a nan za a fi tsammanin ganin ta ba.

Cutar dai tana ƙasar nan. A 2009 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, ciki har da Rufus Akinyemi da Adesola Ogunniyi, suka buga rahoton wata mata 'yar Nijeriya da ke da FTD. Farfesa Akinyemi ne kuma ya jagoranci kafa ma'adanar ƙwaƙwalwa a Ibadan, inda ake ajiye naman ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da amincewar iyalansu domin bincike. Muhimmancinta a fili yake: tau, TDP-43 da sauran furotin da aka ambata a sama, a naman ƙwaƙwalwa ake tabbatar da su, kuma binciken gawa abu ne da iyalai da yawa, Musulmi da Kirista, ba sa sakin jiki da shi.

Hanyar gano cutar daga Kafanchan

Matakin farko ba ya buƙatar na'ura. Yana buƙatar wanda ya san mara lafiyar sosai, mata ko miji ko babban ɗa, ya zauna da likita ya faɗi yadda mutumin yake a da da yadda ya koma. Mai FTD galibi ba ya ganin laifin kansa, kuma yana iya amsa tambayoyin likita daidai a cikin minti goma. Yana da amfani iyali su je da tarihin zamani uku: wa ya sauya hali a tsakiyar rayuwa, wa magana ta ɗauke masa sannu a hankali, wa jikinsa ya shanye ba farat ɗaya ba, wa aka ce ya haukace bayan ya haura 40, kuma kowanne yana da shekara nawa.

Harshe ma yana da muhimmanci. Mutumin Kudancin Kaduna na iya tashi da Jju, Tyap, Hyam, Gworok ko Fantswam a gida, ya yi ciniki da Hausa, ya yi karatu da Ingilishi. Yawancin gwaje-gwajen magana da tunani an tsara su ne da Ingilishi. Idan aka gwada manomi da harshen da bai ƙware a kai ba, ana iya ganin ciwon da babu shi; idan kuma ba a gwada shi da harshen uwa ba, ana iya tsallake wanda yake akwai. Ya kamata a tafi da wanda zai iya shaida ko kalmomin harshen gida ma sun fara ɓace masa.

Mataki na biyu shi ne kawar da cututtukan da ke kwaikwayon FTD, domin da yawa daga cikinsu suna da magani. Daga ciki akwai ƙananan shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke jawowa, cutar ƙanjamau da tunjere idan suka kai ƙwaƙwalwa, ƙarancin sinadarin B12, matsalar maƙoƙo, ƙari a bayan goshi, taruwar jini a ƙoƙon kai makonni bayan haɗarin babur, yawan shan barasa, da ciwon damuwa mai tsanani. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa jinkiri a gidan mai magani ko wurin addu'a kaɗai yake da tsada. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma watannin da aka ɓata na iya zama su ne tazarar da ke tsakanin ƙarin da za a iya cirewa da wanda ya fi ƙarfin aiki.

Ana iya fara gwaje-gwajen jini a asibitin tunawa da Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan, wanda Gwamnatin Tarayya ta amince a 2025 a mayar da shi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Daga nan likita na iya tura mara lafiya ga ƙwararrun ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Hoton MRI, ko na CT idan shi ne ya samu, shi ke nuna inda ramar take, ya kuma kawar da zargin ƙari ko taruwar jini.

Magani, kulawa da gwajin gado

Har yanzu babu maganin da ke tsayar da FTD ko ya dawo da jijiyoyin da suka mutu. Magungunan cutar Alzheimer irin su donepezil ba sa taimakawa a nan, wani lokaci ma suna ƙara rikita hali. Wasu magungunan ciwon damuwa kan rage maimaita abu, yawan ci da rashin natsuwa. Magungunan taɓin hankali masu ƙarfi kuwa suna buƙatar taka-tsantsan, domin masu FTD na saurin sandarewa da su. Ana ci gaba da gwajin hanyoyin ƙara furogiranulin ga masu GRN da rage tau ga masu MAPT, kuma sanin ainihin furotin ɗin da ke lahani ne ya buɗe wannan ƙofa.

Mafi yawan aikin yana hannun iyali. Gardama da wa'azi ba sa gyara mai cutar, domin sashen da ke karɓar gyara shi ne ya lalace. Abin da ke aiki shi ne sauya muhalli: a karɓe tuƙin mota da babur, a kawar da bindigar farauta da maganin feshi, a sa wani amintacce a kan katin banki da takardun fili tun kafin dukiya ta salwanta, a tsara ci da barci a kan lokaci ɗaya kullum. A sanar da maƙwabta, liman ko fasto, da mai unguwa cewa ciwo ne, domin mai zubar da kunya ko ɗaukar kayan mutane a kasuwa yana cikin haɗarin duka ko zargin maita. Idan haɗiya ta fara wuya, a sassauta abinci a kuma zaunar da shi tsaye yayin ci, saboda ciwon huhu na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan cuta. Ɗaure mara lafiya da mari ko kulle shi ya saɓa wa mutuncin da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta tanadar masa, dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Game da gwajin gado, ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce a fara da wanda ke da ciwon, domin a san ko akwai ƙwayar da za a nema. Lafiyayyen ɗan'uwa ba a gwada shi sai ya balaga, ya nemi hakan da kansa, an kuma zauna da shi an bayyana masa abin da sakamakon zai iya jawowa a aurensa, aikinsa da kwanciyar hankalinsa. Ba a gwada yara, kuma yana da 'yancin ya ce ba ya son sani. Sakamakon sirrinsa ne, ba na dangi ko na masu neman aure ba.

Ko a gidan da aka tabbatar da ƙwayar, rabin 'ya'ya a lissafi ba su gaje ta ba, waɗanda suka gada kuma galibi suna da shekaru masu yawa na lafiya, aiki da renon iyali a gabansu. Abin da sanin cutar ke bayarwa tun yanzu shi ne damar kai mara lafiya asibiti da wuri, kare dukiyar gida, da wanke matar gida ko kishiya ko tsohuwar maƙwabciya daga zargin da bai da tushe. Iyalin da ya lura mutum biyu ko fiye a jininsu sun sauya hali ko sun rasa magana kafin shekara 65, ya kamata su rubuta sunaye da shekarun, su kai wa likita.